Mazan Dabinon Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa irin wadda ƙanwa ke yi wa babban wanta, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara maka lafiya da buɗi, Ya sa aikin da ya kai ka nesa da mu ya zame maka alheri. Mun ga hotunan da Anti ta turo. Mai-sunan-Baba ya yi tsawo har ya kusa kamo ka, kai kuma tumbi ya fito, ga kumatu, da gani zaman can ya karɓe ka. Mu nan lafiya gwargwado. Maigidan ya samu sauƙin bayan nan nasa, ya koma tuƙi. Tagwaye sun shiga makaranta, kullum sai an yi rigima a kan wanda ya ɗauki takalmin wani, alhali takalman iri ɗaya ne. Goggo tana fama da ƙafa, amma bakin yana nan yadda ka san shi.

Za ka yi mamakin ganin takarda a hannunka alhali ga waya. Dalilina shi ne, a waya kana da dabarar nan taka ta cewa layi ba kyau da zarar magana ta fara nauyi. Takarda ba ta da layi. Ka samu wuri ka zauna, ka karanta ta har ƙarshe, ko da shayinka zai huce. Abin da zan fara gaya maka shi ne Baba ba ya gidansa. Yana wurina, a ɗakin tagwaye, kuma daga asibiti na ɗauko shi. Na san Auta ya ce maka ya zo mini kwana biyu ne don canjin iska. To, canjin iska ne kam, sai dai ba yadda ya faɗa maka ba.

Ka san lambun nan fiye da ni, tunda kai ne ka riƙa yi wa Baba dakon ruwa a bokiti lokacin da yake dasa shi. Layin dabino daga ƙofar gida har bakin baranda, mangwaro kusa da tankin ruwa, da masu jan furen nan a jikin katanga. In ya taso daga shagon kafinta da garin katako a gemu, ko wanka bai yi ba sai ya zagaya su ɗaya bayan ɗaya. Bayan rasuwar Umma, da ƙarfinsa ya ja baya, ya damƙa muku ragamar gidan kai da Auta, ni kuwa aka ce ai ina gidan miji. Auta ya mai da lambun wurin shaƙatawa. Ya shuka ciyawa a tsakiya, ya jera kujeru da tebura, ya nannaɗe jikin dabino da fitilun nan ƙanana da ka aiko. Mutane suna zuwa shan lemo, amare da angwaye suna zuwa ɗaukar hoto a layin dabino. Ban taɓa ƙin abin ba, Allah Ya sani. Har na ji daɗi da yaron ya samu abin yi, ya daina kwana har rana tsaka.

Ciwon Baba bara ya fara, lokacin da itatuwa suka yi fure. Atishawa ba ƙaƙƙautawa, hanci kamar famfo, idanu jajur suna ƙaiƙayi. Muka ce mura ce. Da furen ya wuce, ya warke sumul. Bana da lokacin ya zagayo sai abin ya sauka ƙirji, in yana numfashi kana jin fito tun daga baranda. Na kai shi wurin likita, wata mata mai haƙuri, ta sa aka ɗiɗɗiga masa abubuwa a fatar hannu, aka jira a ga wanne zai tashi. Wuri biyu suka kumbura: garin furen dabino da na ciyawa. Ta ce huhunsa dama ya sha garin katako shekara da shekaru, ba shi da sauran juriya. Ta kuma yi mana bayanin abin da ban taɓa sani ba, wai masu manyan furanni masu kyan gani ba su ne abin tsoro ba, su ƙwari ke ɗaukar garinsu. Mazan dabino ne, waɗanda ba sa 'ya'ya, su ke sakin gari a iska kamar an kaɗe buhu. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce mata ashe har a itace ma maza sai ci da ɓarna.

Abin da ta ce a yi ba wani abu ba ne mai wuya, Yaya, shi ya sa nake so ka ji shi dalla-dalla. Ta ce in da hali a cire mazan da ke kusa da ɗakinsa, a dasa mata a gurbinsu. In ba a son sara, a samu mai hawa ya yanke kunshin furen tun kafin ya fashe, kowace shekara. A riƙa aske ciyawa kafin ta fitar da kai. A yayyafa wa tsakar gida ruwa da safe don garin ya kwanta. Kada a shanya kayansa a waje, a rufe masa taga in iska ta taso, ya wanke fuska da hannu in ya shigo. Ta ba shi ƙwayoyi da maganin shaƙa, ta ce magani taimako ne kawai, aikin yana lambu. Muka dawo gida Baba yana ta lissafin mai hawan da ya sani, har yana cewa da shekarun baya ne da kansa zai hau.

Auta ya saurare ni yana danna waya. Da na gama ya ce furen nan da ke reto shi ne kyan hoton, in an yanke dabinon zai koma kamar kazar da aka fige. Ya ce mai hawa zai tsittsinka masa fitilu. Ciyawa kuma doguwa ta fi laushi a ido, masu hoto sun fi son ta haka. Na ce to ko guda biyun nan na jikin tagar Baba a taɓa. Ya ce yana da mafita wadda ta fi wannan. Washegari da na zo na tarar ya kwashe kayan Baba daga ɗakinsa, ɗakin da ya zauna da Umma, ɗakin da ta cika a ciki, ya kai shi ɗakin bayan kicin inda ake ajiye tsofaffin kayan aikinsa. Wai don lafiyarsa. An tura katifa tsakanin akwatin ƙusoshi da teburin fiƙe katako, an cusa tsummoki a taga. Ɗakin Baba kuwa an sa masa dogon madubi da labule, nan amare ke canza kaya. Kuma akwai namijin dabino a bayan ɗakin da aka mai da Baban ma, wanda ya fi duka girma. Na nuna wa Auta, ya ce ai shi ya sa ya toshe tagar.

Daga nan sai doka ta biyo baya. Kada Baba ya fito in akwai baƙi, saboda atishawarsa tana sa mutane su ajiye kofi. Baƙi kuwa daga hantsi har bayan magariba ne. Kayansa ana shanya su a igiyar da ke ƙarƙashin dabinon nan na baya, don ta gaba tana ɓata hoto, a kwaso su da gari rawaya-rawaya a miƙa masa ya sa. Auta ya raɗa wa ɗakin suna ofishin atishawa, yana faɗa yana dariya, masu yi masa aiki suna taya shi. Wata rana na zo na ga sakata a jikin ƙofar ta waje, sabuwa fil. Na tambaya, ya ce iska ke buɗe ƙofar. Na ce Baba ya taho wurina, ya ƙi. Ya ce shi da ya gina gida da hannunsa ba zai je ya takura wa suruki a ɗaki biyu ba, kuma furen ai na ɗan lokaci ne. Ka san shi da Auta. Yaron da ya goya a kafaɗa har ya shiga makaranta, ko yau ba ya iya ɗaga masa murya.

A nan ne na kira ka. Ka tuna abin da ka ce mini? Ka ce Umma tana son dabinon nan, kana so in ka dawo ka same su yadda ka bar su, kuma in bar maza su yi maganar gida. Sai layi ya lalace. Wannan na haɗiye shi, na saba. Abin da ban haɗiye ba shi ne saƙon murya da ka aika wa Auta daga baya. Wataƙila ka ɗauka shi kaɗai zai ji. Ranar ina nan, na kawo wa Baba abinci, ya sake roƙon Auta a kira mai hawa, cikin lallashi, kamar shi ne ɗan. Auta ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce bari Baba ya ji ra'ayin babban ɗansa, ya ƙure ƙarar wayar. Muka ji ka, muryarka tas, kana tauna wani abu. Ka ce tsufa ne ke damun Baba ba itace ba, tsoho in ya rasa abin yi sai ya nemi ciwo. Ka ce a ba shi ƙwayoyinsa ya kwanta. Ka ce dabinon nan za su yi shekaru masu yawa nan gaba, Baba kuwa, sai ka yi shiru, ka yi 'yar dariyar nan taka ta hanci, ka ce Auta ya gane dai.

Baba yana zaune a bakin katifa da cokali a hannu. Ya ce a sake kunna masa. Auta ya sake. Ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye, sannan ya ce muryarka ta yi kauri, da alama kana samun abinci. Ya ajiye cokalin, ya ce ya ƙoshi. Ban taɓa gaya maka ba, domin na so in ga ko za ka kira shi da kanka ka ji yadda yake numfashi. Ka kira, ka tambaye shi ko mangwaro ya yi 'ya'ya bana.

Abin da ya kai shi asibiti ba a gabana aka yi ba. Matar Auta ce ta kira ni tana kuka, daga baya kuma na gani da idona a waya, don har tashar mota hoton bidiyon ya kai, abokan aikin maigidan suna miƙa wa juna suna dariya ba su san ko wane ne ba. Ranar an yi iska tun safe, lambu cike da mutane. Ita matar Autan ta kai masa ruwa ta manta ba ta mai da sakata ba, ko kuma ta ƙi mayarwa, ban tambaye ta ba. Baba ya ɗauki tsohon zartonsa, mai mariƙin da ya sassaƙa da kansa, ya fito da singileti da takunkumi a fuska. Bai je wurin dabinon baya ba. Ya bi ta gefen kicin har tsakiyar layin, wurin babban namijin nan da ake tsayawa hoto, ya durƙusa ya fara yanka. Ka san jikin dabino, zare ne kawai, zarto ba ya kama shi. Yana ja yana tsayawa, yana ja yana tsayawa, garin yana zubo masa a ka duk lokacin da iska ta kaɗa. Mutane suka taso da wayoyi suka kewaye shi.

Wata mata ta tambayi Auta wane ne wannan bawan Allah. A hoton ana jin amsarsa sarai. Ya ce tsohon mai yi musu ban ruwan fulawa ne, ya daɗe yana yi musu aiki, yanzu kansa ya taɓu, sun bar shi a ɗakin baya don tausayi, ba shi da kowa. Matar ta ce Allah Ya saka masa da alheri, irinsa sun yi ƙaranci. Baba yana durƙushe a gabansu, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tsawon tabarma ba, kuma kunnensa garau yake. Ya ɗago ya dubi Auta. Auta ya sunkuya, ya murɗe masa hannu ya karɓi zarton, ya ce masa tsoho tashi mu je, yana yi wa mutane murmushi. Ƙirjin Baba ya riga ya rufe, maganin shaƙarsa yana ɗaki. Hanya mafi kusa ta baranda ce, amma nan amarya take tsaye da mai hoto, sai Auta ya zagaya da shi ta bayan katanga. A gindin tankin ruwa Baba ya faɗi. Sai da matar Auta ta fita titi da gudu ta tsayar da mota, shi Autan yana can yana ba baƙi haƙuri.

Ya kwana da yawa a asibiti da robar iska a hanci. Likitar nan ta zo dubiya, ta ja ni gefe ta tambaye ni cikin abubuwan da ta ce a yi wanne aka yi. Na ce an toshe taga. Ta juya ta koma wurinsa. Auta ya zo sau ɗaya, da ledar lemo, ya zauna a bakin gado ya gaya wa Baba cewa ya yi wa dabinon rauni, dole ya sa aka ɗaura masa ƙyalle mai ado don kada ya fito a hoto. Ya ce amma ya yafe, ai tsakanin ɗa da uba ba riƙo. Baba bai buɗe ido ba. Da aka sallame shi ban tambayi ra'ayin kowa ba, maigidan ya kawo mota muka wuce da shi gidanmu, wannan karon kuma bai ce a'a ba.

Ka san gidanmu, ko da yake ba ka taɓa hawowa ba, a mota kake tsayawa ka aiko a kira ni. Bene ne, tagarmu tana kallon tasha, ba ko ganye ɗaya sai hayaƙi da ihun masu lodi. A nan numfashinsa ya daidaita. Likita ta ce ƙirjin ba zai koma yadda yake ba, matakalar benen ma sai ya huta a tsakiya, saboda haka ba ya sauka. Ya gyara mini ƙofar kicin da ta shekara tana ƙara, ya gyara ƙafar kujera, ya gyara akwatin tagwaye, yanzu abin gyara ya ƙare, sai zama a bakin taga yana kallon motoci. Bai ambaci gidan ba ko sau ɗaya. Goggo ta ja ƙafarta ta je ta wanke Auta tas, ya bari ta gama, ya sa aka kawo mata lemo mai sanyi, ya ce mata duk abin da ya yi da yawun Yaya ya yi.

Saura labari ɗaya, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Makon jiya wata amarya, 'yar wasu masu hali, ta zo hoto. Tana tsayawa a layin dabino ta kama atishawa, idanu suka kumbura, kwalliyar da aka ɓata rabin yini ana yi ta dagule da hawaye. Uwarta ta yi faɗa, ta ce za ta gaya wa duk ƙawayenta. Washegari da sassafe Auta ya kira mai hawa. Mutumin ya yanke furen mazan duka, na gaba da na baya, aka aske ciyawa, aka ja tiyo aka jiƙe tsakar gida. Kafin azahar an gama. Ko fitila ɗaya ba ta tsinke ba. Matar Auta ta ce dabinon ma sun fi kyau yanzu, sun yi tsaf. Da yamma ya aiko ta da saƙo wai a gaya wa Baba an yi abin da yake so, yana iya dawowa, an share masa ɗakin baya. Na rasa yadda zan faɗa, sai na faɗa yadda aka aiko. Baba ya ce a yi masa godiya.

Ba na rubuto don in roƙe ka komai ba, Yaya. Kada ka aiko da magani, muna da shi. Kada ka sake aiko da injin tace iska, wanda ka aiko wancan karon yana ɗakin amare, an ce yana hana su gumi. Kada kuma ka kira Auta ka yi masa faɗan waya don a ce ka yi, ku biyun kun fi ni sanin juna. Dabinonka suna nan lafiya, za ka same su yadda ka bar su in Allah Ya kawo ka, kuma kamar yadda ka lissafa, za su daɗe. Abu ɗaya nake so ka sani don kada ka ci gaba da zargin agogo. Ka yi ta ƙorafi wai duk lokacin da ka kira, tagwaye sai su ce Kaka yana barci, har kana cewa bambancin lokaci ne ke cutar ka. Ba barci yake ba. Yana zaune a bakin taga, idonsa biyu, wayar tana ƙara a kan tebur kusa da gwiwarsa. Shi yake gaya musu abin da za su ce.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce na ga saƙon turaren, na gode. Ka shafa mini kan Mai-sunan-Baba da 'Yar-lele da ƙaramin da ban taɓa gani ba sai a hoto. Maigidan yana gaishe ka, Goggo ta ce in gaishe ka amma in rage, tagwaye suna gaida 'yan'uwansu. Matar Auta ma ta ce in sa sunanta, yarinyar kirki ce, Allah Ya ba ta haƙurin zama. Kafin in rufe takardar na gaya wa Baba ina rubuto maka, na tambaye shi ko yana da saƙo. Yana kallon waje ya ce a gaida yara.

Allah Ya bar zumunci, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.

Ni ce ƙanwarka,
Uwar tagwaye